Kan Jirgi a Bakin Wutar Maƙera

Agogon farko da na saya ba ya nuna lokaci. A kasuwar Maraɗi na gan shi, cikin tulin tarkacen wani mai sayar da gwangwan, tsakanin kwaɗunan da ba su da mabuɗi da kawunan tsofaffin fitilu. Baƙar fuska gare shi da farin rubutu da hannuwa uku. Na jujjuya shi, na rasa inda ake murɗa shi ko a sa masa batir. Mai kayan ya ce na jirgin sama ne, da shi matuƙi yake sanin nisan da ke tsakaninsa da ƙasa. Na biya abin da ya faɗa ban yi tayi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara fatauci.

Ni ɗan Sabon Birni ne, sana'ata kai kaya Nijar da kawo wasu. Wake da barkono da robobi su tafi, dabino da kanwa su dawo. Ban taɓa shiga jirgi ba, har yau ɗin nan da nake wannan rubutu. Abin da ya haɗa ni da shi bai wuce wanda yake zuwa feshin jan baki ba muna yara, idan tsuntsayen sun addabi dawa a fadama. Yakan yi ƙasa-ƙasa har mu hangi kan mutumin da ke ciki. Sauran yara suna bin jirgin da ihu, ni kuwa mutumin nake kallo, ina tambayar kaina me yake gani a gabansa, me hannunsa yake taɓawa. Tambayar nan tare muka girma da ita, har na yi gemu ba ta sake ni ba.

Daga agogon nan sai abin ya zame mini ciwo. Duk garin da na sauka, kafin in nemi masauki sai na leƙa wurin 'yan gwangwan. Yawanci in dawo hannu rabbana, wani lokaci kuma a shekara in dace da abu ɗaya ko biyu: agogon gudu, agogon mai, wani mai ɗan hoton jirgi a tsakiya da ke karkata in ka karkata shi, makunnai, guntun ɗamarar kujera. In na kawo gida sai in shimfiɗa farin ƙyalle, in kwance su a hankali, in wanke da kananzir, in share ƙurar ciki da gashin zabo. Wanda gilashinsa ya fashe in kai wa mai gyaran agogo ya yanko mini wani. Da waya ta zo hannu na riƙa duba hotuna ina gane wanne ne na mene ne. Direbobin hanyar Maraɗi suka sa mini suna mai jirgi, suna faɗa suna dariya, ni kuma ina amsawa, don ta bakinsu nake jin inda kaya suke.

Na samu falankin katako na huda, na jera agogunan a jiki, na jingine a bangon ɗakina. Baƙi sukan yaba, amma ni ban taɓa gamsuwa ba. In na kalle su sai in ga kamar idanu ne ba fuska. Maiɗakina kuwa ba ta raga mini. Takan leƙo ta ce, "Malam, kai da ko bisa rumbu kah hau sai jiri ya kwashe ka, mi za ka yi da agogon sama?" In yi kunnen uwar shegu da ita in ci gaba da goge-gogena.

Wata rana cikin watan Rajab wani direba ya tare ni a tasha ya ce ya ga wani abu a bayan maƙerar masu zubin tukwane a Isa, in ba idonsa ne ya yaudare shi ba, kan jirgi ne. Ina da lodin wake da zai tashi washegari. Na damƙa wa abokin tafiyata, na hau babur na nufi Isa.

Gani ya kori ji. Yana kwance a kan haƙarƙarinsa ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, awaki suna shan inuwa a jikinsa. Ƙaramin jirgi ne, an datse shi daga bayan kujeru biyun gaba, injin babu, fukafukai babu. Farin fentinsa ya koma ruwan ƙasa, sai wani shuɗin layi da ya rage a gefe. Na durƙusa na leƙa ciki. Ga sandunan tuƙi biyu, ga matakan ƙafa, ga allon gaba duk ramuka, an cire duk abin da ke ciki. Agogona na farko yana aljihuna, don ba na tafiya ba shi. Na fito da shi na gwada a ɗaya daga cikin ramukan, ya shige cif, har hudojin ƙusa huɗun suka hau kan juna. Na miƙe na nufi wurin mai maƙerar.

Mai maƙerar tsoho ne, gajere, hannuwansa duk tabon wuta. Aikinsa ya narka alminiyam ya zuba a cikin ƙasar da ya danna ya fitar da siffar tukunya, in ya huce ya fasa ƙasar ya ciro. Na gaishe shi, na ƙara gaishe shi, sannan na ce, "Baba, wanga abu nawa za ka sai min shi?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba nau ba na. Amana ta. Tahi tasha ka tambayi Hajiya mai tuwo."

Na same ta a rumfarta tana kwashe tuwo. Mace ce kakkaura mai murya, ta girme ni da kaɗan. Ƙanenta direban babbar mota ne, shi ya ɗauko mata abin daga can cikin Nijar a kan kaya don a zuba mata tukwane, inda shi ya samo shi kuwa ba wanda ya sani. Manyan tukwanenta sun tsufa, gindinsu duk faci. Ga azumi yana tafe, kuma a 'yan shekarun nan ita ce masu hali suke bai wa hatsi tana dafa abincin buɗe-baki saboda mutanen da suka baro ƙauyukansu suka tare a cikin gari. Na saurare ta har ta gama, sannan na faɗi kuɗin da ni kaina sai da na ji tsoron bakina.

Ta ajiye mara ta dube ni. "Malam, kuɗɗi ba su dahwa tuwo. In na amshe su, ina za ni samo ƙarhe? 'Yan gwangwan sun bar shigowa tun da hanya tal lalace. Tukwanen kanti kuwa, masu kamar takarda, wuta guda su lanƙwashe. Zubin tsohon ga nika so."

Na ce, "To, Hajiya, ƙaƙa za a yi?"

Ta ce, "Ƙarhe da ƙarhe. Kawo nauyinai, ka ɗauki abinka. Amma kahin wata shi tsaya tukwanena su na bisa murhu, ko da naka ƙarhen ko da nau."

Haka ake yi a wurinsu, ni ne ban sani ba. Mace takan tara fasassun tukwanenta da ludaya ta kai wa mai zubi, ya auna, ya zuba mata sabuwa daidai nauyin abin da ta kawo, ta biya shi ladan hannu. Ƙarfen na mai shi ne tun daga shigarsa maƙera har fitarsa, mai zubi ba ya sayar da shi ko da an cika masa hula da kuɗi.

Muka koma wurin tsoho. Ya sa aka kwance kujerun da sandunan tuƙi da duk wani baƙin ƙarfe da ba ya shiga tukunya, ya ce waɗannan in kwashe, Hajiya ta yafe. Saura gangar jikin. Ya ɗauko wata doguwar azara ya rataye ta ta tsakiya da sarƙa a reshen dogon yaron. A kai ɗaya aka ɗaure kan jirgin da igiya, ɗaya kan aka bar shi yana kallon sama. Ya ce duk abin da na kawo a can za a rataye, ranar da azara ta miƙe sosai ciniki ya faɗa. Ya sa mini wa'adi, ranar kasuwar ƙarshe ta watan Sha'aban, don shi ma yana bukatar kwanakin zubi.

Na koma gida na buɗe kayan da nake sayarwa. Na ɗaure robobi da gishiri da sabulu a bayan babur, na shiga ƙauyuka ina musaya. Ranar da aka ce hanya lafiya in fita, ranar da aka ce a dakata in zauna ina cizon yatsa. Na je Kamarawa, na je Tozai, na zagayo ta Kurawa. In tsaya a ƙofar gida in yi sallama, in aika a ce wa matan gida mai sayen fasasshiyar tukunya ya zo. A fito mini da ludayin da ya karye, da butar da ta huje, da murfin da aka rasa tukunyarsa. Wata tsohuwa a Tozai ta riƙe ni da ciniki tun hantsi har azahar a kan kwano ɗaya, daga ƙarshe ta karɓi roba ta kuma ce kwanon na jikarta ne, sai an jira ta dawo daga rijiya.

Abin da ya fi ci mini rai a Kurawa ya faru. Wani dattijo da muka daɗe muna harkar wake da shi ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce, "Malam, in karaya ta samu ka hwaɗa min. Ba a ɓoye ma ɗan'uwa irin wagga." Ya ɗauka jarina ne ya karye har na koma tsintar bola. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo baya. Na yi masa bayani, ya saurara, ya kaɗa kai, na ga alama da karayar ce da ya fi samun natsuwa. Na yi masa godiya na tambaye shi ko akwai tsohuwar tukunya a gidansa.

Sai dabara ta zo mini, na ga kamar na fi kowa wayo. Gwangwanayen lemo ai alminiyam ne, ga su nan zube a bayan kowane kanti, ba mai so. Na bi masu shaguna da masu shayi na Sabon Birni na ce a tara mini. Kafin ka ce kwabo zaurena ya cika da buhuna har rufi, mai shiga gida sai ya bi ta gefe. Na daina wahalar ƙauye, na zauna ina kallon buhunan ina jin daɗi. Da Sha'aban ya kama na ɗauki hayar a-kori-kura, aka yi mata lodi har tana rangaji, na shiga gaba na zauna kamar ango.

Tsoho ya zagaya motar, ya ɗaga buhu ɗaya da yatsu biyu, ya ajiye. Ya ce, "Ba a auna gwangwani da ɗanye nai. Sai ya sha wuta."

Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya ce in tsaya in gani. Ya hura wuta, ya riƙa zuba gwangwanayen a kaskon narki suna shanyewa, hayaƙi mai wari yana tashi. Ya sa dogon cokali yana yaye baƙin kashin da ke tasowa a sama yana watsarwa gefe, ya yaye, ya ƙara yayewa. Buhun da ya kai ni tsawo, da aka zuba abin da ya rage a rami ya huce, bai fi curin fura biyu ba. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo ya bi kan kayan ƙauyen da na sha rana na tara, duk wanda ya manne ya jefar da shi gefe, wai baƙin ƙarfe ne aka shafa wa fenti. Butoci da kwanoni da yawa haka suka tafi. Da aka rataye abin da ya tsira a kan azara, ko motsi kan jirgin bai yi ba, yana zaune daram a ƙasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da shi da Hajiya sun haɗa baki ne su wahalar da ni. Ya bar ni na gama faɗana, sannan ya ce, "In na zuba mata kashi cikin tukunya, ranad da tah hwashe bisa wuta da abincin mutane, kai za a kira ko ni?" Na tsaya ina huci, can na ce to wane iri ne yake da auki. Ya ce mai kauri: fistin na mota, murfin injin babur, gangar injin ban-ruwa.

A hanyar komawa na yi ta zagin kaina. Da na tambaya tun farko da ban ɓata rabin wa'adina a kan iska ba. Amma ko sau ɗaya ban yi tunanin bari ba. Mutanenmu an san mu da taurin kai, ni kuwa ko a cikinsu ana nuna ni.

Na bar fatauci gaba ɗaya na koma bin garejoji. Duk bakaniken da ke tsakanin Sabon Birni da Isa sai da ya gaji da ganina. Ina shiga ƙarƙashin matattun motoci da riga mai kyau, in fito kamar wanda aka tsamo daga rijiyar baƙin mai. Masu noman rani na bi su har bakin gulbi ina tambayar injin da ya mutu. Nawa injin ban-ruwan ma, da ke bukatar ɗan gyara kawai, na sa guduma na fasa shi da hannuna. Ranar nan maiɗakina ta tsaya tana kallona. Da na shigo da yamma na tarar ta kwashe tukwanenta kaf daga madafa ta kai ɗakinta ta sa kwaɗo.

Na ce, "Haba, ai ban ce komi ba."

Ta ce, "Idonka ya ce. Tukwanena dai, ko jirgin Makka na, ba su shiga wuta."

Gaskiyarta, don na riga na auna babbar da ido tun kwana biyu kafin nan. Ban sake bi ta kansu ba.

Kowace ranar kasuwa in kai abin da na samu, tsoho ya gwada da maganaɗisu, ya ƙara a buhun da ke rataye. Sannu a hankali kan jirgin ya fara sauƙi, har wata rana na sa hannu ɗaya na ɗaga shi ya rabu da ƙasa, na saki ya koma. Daga baya ya tashi da kansa ya tsaya yana lilo, amma azara tana nan a karkace. Na riga na tsefe garuruwan nan biyu, abin da ake samu ya koma ɗan fistin babur ɗaya yau, gobe babu.

Ranar wa'adi na iso da hantsi da ɗan ƙunshin da bai cika zani ba. Hajiya ta riga ni zuwa, tana zaune a kan turmi da mayafinta. Maƙwabtan maƙera da 'yan kasuwa sun taru, don labarin mai jirgi ya zaga gari. Tsoho ya zuba ƙunshina a buhu, ya ja da baya. Azara ta yi lilo, ta yi lilo, ta tsaya. Gefen jirgin ya fi ƙasa da abin da bai wuce kamu ɗaya ba. Na cire zoben azurfa na hannuna zan jefa a buhun, mutane suka fashe da dariya, na mayar.

Na je gaban Hajiya na rusuna, abin da ban taɓa yi wa sa'ar yayata ba a bainar jama'a. Na ce, "Hajiya, don Allah ki ƙara min mako guda. Akwai wata matattar mota Shinkahi, an yi min alkawali."

Ta dube ni, kuma ban ga mugunta a idonta ba. Ta ce, "Malam, wallahi na ga wahalarka, kuma ka ba ni tausai. Amma wata ba ya jiran motar Shinkahi. Ranad da anka kai azumin hwarko, mutane za su zo ƙohwata da kwanoninsu, wasu da goyo. In ce musu mi? Su yi hanƙuri, ana gyaran jirgi?"

Na so in ji haushinta na kasa, don ta fi ni gaskiya. Na ce to a zuba mata da abin da na kawo, cikon in biyo ta da shi. Tsoho ya ce babbar tukunyar a zubi ɗaya ake yin ta, in ƙarfe ya gaza a tsakiya duk aikin ya lalace, kuma ita ce tukunyar da aka fi bukata. Ya shiga rumfarsa ya fito da kurfi da guduma ya miƙo mini. Ya ce, "Abin da yar rage, cire shi daga jikinai. Hal azara ta miƙe. Kai ka san inda za ka iya rabuwa da shi, ni in nit taɓa ɓarna za ni yi ma."

Aka sauke kan jirgin ƙasa. Na shiga ciki na tsuguna inda kujerar matuƙi take a da, ina dube-dube. Allon gaba, sai dai a yanka ni. Rufin sama, in babu shi ya zama amalanke. Daɓen ƙasa shi ke riƙe da matakan ƙafa da kujeru. Hagu nan ne wurin matuƙi, nan ne na hangi kan mutumin nan ina yaro. Saura dama, gefen wanda ake ɗauka. Ƙofar tana nan lafiya lau, ko lotsawa ba ta yi ba, har mariƙinta yana aiki. Na buɗe ta na rufe, ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, na sake buɗewa na rufe. Sannan na ɗora kurfi a kan maɗaurinta na sama na buga.

Da ta faɗo aka ajiye ta gefe, aka sake ɗaga jirgin. Azara ta matso amma ba ta kai ba. Aka sauke, na bi layin ƙusoshin da ke ƙasan ƙofar ina fille kawunansu ɗaya bayan ɗaya, don in ɓamɓare bangon ba tare da na yaga na kusa da shi ba. Shuɗin layin nan ta kansa ya bi. Gumi yana shiga mini ido, da abin da ba gumi ba, kuma ban damu da wanda ya gani ba. Da aka ɗaga a karo na gaba, azara ta miƙe sak. Tsoho ya ce, "Ya yi." Hajiya ta ce, "Allah shi sa albarka," ta tashi ta koma wurin tuwonta.

Ban tafi ba. Na ce wa tsoho ni zan juya masa ƙafar keken da ke hura wutar. Ya sassare ƙofar gunduwa-gunduwa ya zuba a kasko tare da fistocina, ina juyawa ina kallo. Fentin ya fara ƙonewa, sannan ƙarfen ya lanƙwashe ya nutse, ya zama ruwa mai ƙyalli, ba ka iya cewa ga ƙofa ga injin ban-ruwa. Na ji zafin abin har cikin ƙashina. Sai da na ga an zuba, an jira, an fasa ƙasa, babbar tukunya ta fito tana tururi, sannan na je neman motar da za ta kai mini sauran jirgina gida.

Gyaransa ya ci ni fiye da shekara. Na kafa masa rumfa a bayan gida. Gidajen zanzaro kaɗai da na fasa a lungunansa sun isa a yi yaɓen akurki. Na wanke, na kankare tsohon fenti da sanfefa har yatsuna suka daina jin zafin tuwo. Inda ya lotsa in sa buhun yashi ta baya in bi da gudumar katako a hankali, don na ƙarfe tana barin tabo. Kujerun na kai wa mai ɗinkin kujerun mota, na tsaya a kansa har ya yi yadda na gani a hoto. Gilashin gaba shi ya fi ba ni wuya. Na sayo farantin roba mai haske ina gasa shi a kan garwashi ina lanƙwasawa, wani ya yi ƙuraje, wani ya tsage, sai da na yi asarar da ban gaya wa maiɗakina ba kafin ɗaya ya zauna. Na mayar da farin fenti da shuɗin layinsa. Ranar da na kwance agogunan daga falankin katako na ɗaura kowanne a raminsa, na zauna a kujerar hagu na kama sandar tuƙi, na ga abin da mutumin nan yake gani. Har aka kira la'asar ban motsa ba.

Gefen dama kuwa yana nan a buɗe. Duk wanda ya zo kallo sai ya ba ni shawara: in sa kwanon rufi, in sa ƙofar tsohuwar mota, wa zai gane? Ni zan gane. Na yanka igiyoyi na ƙulla su daidai tsawon ƙofar da faɗinta, na rarraba wa direbobin da ke shiga can cikin Nijar, na ce duk inda suka ga mataccen ƙaramin jirgi su gwada. An kawo mini labarin ƙarya ya fi a ƙirga. Sau ɗaya na yi tafiyar kwana biyu na tarar da murfin firji.

Tsohon mai zubi ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Hajiya tana nan a rumfarta, kuma duk ranar da harka ta kai ni Isa a wurinta nake cin abinci. Babbar tukunyar tana kan murhu, gindinta ya yi baƙi, ko faci ɗaya ba ta nema ba tukuna. In ta hango ni sai ta ɗaga muciya ta ƙwanƙwasa gefenta ta ce, "Mai jirgi, ƙohwarka na gaishe ka!" Mutanen da ke kan benci su yi dariya, ni ma in taya su, amma har yau in na ji ƙarar nan sai wani abu ya soke ni a ƙirji. Nakan cinye tuwon tas, in wanke hannu, in tsallaka wurin direbobin da suka sauko daga arewa in tambaye su ko igiyata ta dace da wani abu.